Fasfon da Ya Yi Ƙafa

Litinin, ƙarfe goma na safe

Aku ce ta kawo min littafin nan da alƙalami mai kaurin baki, wai tunda an cire min yanar ido in riƙa ba idon aiki. Aku jikata ce, shekararta goma sha tara, ita ce tafintata a ƙasar nan. Sunan ya bi ta tun tana tatata, don duk abin da aka faɗa a ɗaki sai ta fito da shi tsakar gida. Na ce mata, ni da na tsaya a aji huɗu, me zan rubuta? Ta ce, "Kaka, gulmar da kike yi da baki, ki yi ta da hannu." Ja'ira. To ga ni.

Watana biyar a gidan nan. An yi min aikin ido biyun, an gama, yanzu har ƙurar bayan talabijin ɗinsu ina gani, na kuma faɗa musu. Ƙananan rubutu ne kawai suka gagare ni sai tabarau ya iso. Bizata saura kwana ashirin da shida. Tikitin komawa yana nan, akwatina na bayan ƙofa, har na fara cusa tsaraba.

Jiya bayan la'asar Akawu ya shigo ɗakina ya durƙusa. Surukina ne, mijin uwar Aku. Ba akawu ba ne, injiniya ne, amma mutumin da ke adana rasiɗin burodi a fayil me za a kira shi? Ya ce, "Inna, muna so a ƙara miki wata shida." Na ce na mene ne? Ya cire tabarau ya hau gogewa. "Likita yana son ya ƙara duba idon."

Idon da nake ganin ƙaryarsa da shi.

Talata, ƙarfe sha biyu na rana

Uwar Aku ba ta ce min komai ba, ni ma ban tambaye ta ba. 'Yar farina ce. Ban taɓa kiran sunanta ba, ban kuma saba zura mata ido ba, haka aka tashe mu. "Ke" ta ishe mu shekara arba'in da huɗu. In ta shigo, ni in kalli taga, ita ta kalli ƙasa, mu gama maganarmu lafiya lau.

Ta ɗauki hutu a wurin aiki. Hutun me, oho.

Laraba, bayan la'asar

Asibiti. Likitan ido ya haska min fitila, ya juya ga Aku ya kama magana. Na ja carbina zagaye biyu cur bai yi shiru ba. Da ya gama na ce, "Me ya ce?"

"Ya ce idonki ya yi kyau."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Kaka."

"Zagaye biyu na carbi, kalma uku? Sauran fa, kin haɗiye? Ashe shi ya sa kike ƙiba."

Ta yi dariya, amma irin ta saman leɓe.

Daga nan uwarta da Akawu suka hau lif wai za su karɓo sakamako a hawa na huɗu. Awa uku. Ni da Aku muna zaune kan kujerun roba masu sanyin tsiya, muna kallon kifaye a gilashi. Yarinyar da ba ta iya minti biyu ba magana ta yi awa uku tana cizon farce.

Sakamakon wa ake karɓa awa uku? Na tuna kafin aikin ido sai da suka ɗebi jinina kwalba uku. Me ya haɗa ido da jini kwalba uku? Akwai abin da suka gani.

Alhamis, da hantsi

In na shigo falo sai Hausa ta gudu, yaren ƙasar nan ya shigo. In na fita ta dawo, ƙasa ƙasa.

Juma'a, ƙarfe tara na safe

Akwai wata farar jakar takarda a saman kabad ɗin kicin, can inda sai an taka kujera. Tana da koren tambarin kemis ɗin da ke ƙasan benenmu. Nawa magungunan, na ɗigawa a ido da na hawan jini, suna kan teburina kowa na gani. To na wa ake ɓoyewa a sama?

Kuma yau kwana huɗu ke nan Akawu ne ke haɗa min shayin safe da hannunsa. Tun yaushe suruki ya zama mai shayi? Ya kawo, ya tsaya, "Inna, ki sha da zafinsa." Na ce to, Allah ya yi albarka. Ya fita.

Akwai wani fure a tukunya bakin tagata. Ya sha da zafinsa.

Litinin, ƙarfe biyu na rana

Sun tafi kasuwa tun safe, Akawu da uwar Aku. Sun dawo ba leda ko ɗaya, sai warin asibiti. Ta wuce ɗaki ta kwanta. Wato yanzu ba sai an je da ni ba ma, ana zaman shari'ata ba na nan.

Na ji ta a banɗaki tana amai. Da na ce ciki ne, har na fara murmushi, sai na tuna shekarunta. Damuwa ce. Tun tana ƙarama haka take, in an yanka kaza ita ke kwana biyu ba ta ci abinci ba. Lallai abin da suka gano a jikina babba ne.

Talata, bayan azahar

Na gwada su. Muna cin abinci na ce, "Ni fa dole in koma kan lokaci. Fanshon marigayi Malam sai na je da kaina na nuna fuska sun tabbatar ina numfashi, in ba haka ba su rubuta ni a matattu."

Cokali ya faɗi daga hannun Aku. Ga shi nan. Kalma ɗaya na jefa.

Akawu ya ce, "Inna, na riga na bincika, ana iya yi ta waya, su gan ki a hoto."

Ya riga ya bincika! Komai an shirya. Ranar Alhamis ta mako mai zuwa, ƙarfe goma, za a kai ni ofishin biza da fasfona in dangwala yatsa. Ya ce da kyar ya sami ranar, in ta wuce babu wata sai bayan bizata ta ƙare, dole in hau jirgi.

Dole in hau jirgi. Na riƙe wannan.

Na ga maƙabartar garin nan ta tagar mota. Duwatsu a jere kamar haƙoran roba, ba bishiya, ba wanda ya san ka. Malam yana can ƙarƙashin inuwa, na bar wuri kusa da shi. Shekara biyu na yi jinyarsa, na san yadda ake kallon wanda aka yanke wa ƙauna, na san yadda ake masa ƙarya da murmushi. Ni na ƙware a wannan aikin, ba za a koya min ba. In tafiya ce, a gida zan yi ta.

Laraba, ƙarfe sha ɗaya na safe

Ba kowa a gidan. Na shiga ɗakin karatun Akawu neman allura. Ban sami allura ba. Durowarsa ta biyu ba ta kulluwa, ya kamata ya gyara.

Lalitata ta ɗan matse min ƙugu yau. Ƙiba nake yi.

Alhamis, da yamma

Furen ya sunkuyar da kai. Ganye biyu sun yi rawaya. Kwana bakwai kacal! Da cikina ne fa?

Juma'a, bayan la'asar

Gida ya hargitse. Akawu ya zo haɗa takardun ofishin biza, fasfona ya yi ƙafa.

Ya zazzage fayil goma sha uku a tsakiyar falo. Ya leƙa ƙarƙashin kujera, ya leƙa bayan firji, har cikin injin wanki ya zura kai. Ni ina zaune ina jan carbi ina taya shi jimami.

"Inna, ko kin gan shi?"

"Ni da aka ce idona bai warke ba sai nan da wata shida, me zan gani?"

Aku ta tsaya ta riƙe ƙugu. "Kaka, tashi in duba ƙarƙashinki."

"Zo ki ɗaga ni, in kin ci abincin da zai iya."

Ta birkice ɗakina kaf. Matashi, katifa, akwati, har cikin takalmina. Ta sami alewa bakwai da nake ɓoyewa da almakashinta da ya ɓata tun watan jiya. Ta ce, "Tsohuwar nan ɓarauniya ce." Na ce, "A gidan ɓarayin magana nake, dole in koyi wani abu."

Ba wanda ya yi dariya. Uwarta na tsaye a bakin ƙofa ta dafa bango. Ban kalle ta ba, inuwarta na gani a ƙasa. Inuwar ta yi siriri. Fitilun ƙasar nan haka suke.

Asabar, da hantsi

Ba a gan shi ba.

Lahadi, bayan azahar

Uwar Aku ta shigo ɗakina ta zauna a ƙarshen gado. Ni ina fuskantar taga, ita tana fuskantar ƙofa.

"Inna, ba kya son zama da mu ne?"

"Ke, zama ai na yi. Wata biyar ba kwana biyar ba ne."

"Haka ne."

Na jira ta faɗa min gaskiya, ta ce Inna, ga abin da likita ya gani. Da ta faɗa da na ce mata ba komai, na ci zamanina, ku sa ni a jirgi kawai. Ba ta faɗa ba.

Na ce, "Zo in yi miki kitso. Ɗankwalin nan ko a ɗaki ba kya cirewa, kamar amarya."

"Na yi a shago, Inna."

"Wane irin shago ne da ba a nuna aikinsa?"

Ta tashi. A bakin ƙofa ta ce, "In fasfon bai fito ba, Allah bai nufa ba ne." Muryar kamar daga cikin rijiya.

Ta iya ƙarya fiye da mijinta. A wurina ta gado.

Litinin, ƙarfe uku na rana

Kasuwa kuma. Ba leda kuma. Akawu ya ajiye mota a ƙasa, ina kallonsa ta taga, ya kifa kai a kan sitiyari ya daɗe bai fito ba. Ashe haka yake ƙaunata? Har na ji kunyar fayil ɗin da na sa shi zazzagewa. Kaɗan.

Talata, ƙarfe goma na safe

Furen ya mutu murus. Na roƙa masa gafara.

Na sami kwalin maganin farar jakar nan a kwandon shara, ba komai a ciki. An liƙa masa farar takarda da rubutu ƙanana kamar ƙwan kiyashi. Na kai shi taga, na nesanta, na kusanta, ba abin da na gane. Aku ba za ta karanta min gaskiya ba, an saye ta.

Saura kwana biyu. In Alhamis ta wuce, na tsira. Amma ina so in san sunan abin da zai kashe ni. Mutum ya san baƙonsa.

Laraba, ƙarfe sha biyu na rana

Na sauka ni kaɗai. Na danna lif da kaina, ya kai ni sama, ya kai ni ƙasan ƙasa wurin motoci, a karo na uku ya gaji da ni ya ajiye ni daidai.

Mai kemis ɗin wata doguwar mata ce mai furfura, ta san ni, wurinta ake karɓo min maganin ido. Ba ta jin nawa, ba na jin nata. Na ɗora kwalin a kan kanta. Na nuna shi, na nuna ƙirjina, na karkatar da kai, na rufe ido, na zaro harshe. Ko jariri ya gane tambayar.

Ta zaro ido. Ta ɗauki kwalin ta duba, ta dube ni, ta girgiza kai da ƙarfi. Na ce a raina, ke ma an saye ki. Na sake mutuwa a gabanta, wannan karon har da shure ƙafa. Wani tsoho da ke layi ya matsa baya.

Sai ta buɗe durowa ta ɗauko madubin nan mai hannu da ke ƙara girman rubutu. Ta ɗora shi a kan farar takardar, ta sa yatsa a layin farko. Ta nuna ni, ta kaɗa yatsa. Ba ke ba.

Na sunkuya.

Aji huɗu na yi, amma wannan sunan ko a duhu zan karanta shi. Ina kwance a ɗaki ranar da aka raɗa shi, na ji shi ta taga. Tun ranar bai taɓa bi ta bakina ba.

Ban san lokacin da ta kawo min kujera ba. Ta ba ni ruwa a kofin takarda. Ta yi ta magana a hankali, ni kuma ina jin abin da ba ita ke faɗa ba. Hutun aiki. Kasuwar da ba leda. Aman. Shayin da mijinta ke haɗawa don ita ba ta iya tsayuwa a kicin. Ɗankwalin.

An wanke min ido biyu, ina ganin ƙurar bayan talabijin.

Laraba, bayan la'asar

Tana kwance a ɗakinta, ta juya wa ƙofa baya. Na tsaya a kanta. Na buɗe baki, "ke" ta zo kamar kullum, na mayar da ita.

Na kira ta da sunanta.

Ba ta juyo ba. Ina jin ta ɗauka a mafarki ne. Na sake kira. Ta juyo a firgice, muka haɗa ido. Na kalle ta. Na kalle ta sosai, na biya bashin kallon da ban yi ba. Girarta babu. Kumatun nan da ake tsokanarta da su tana yarinya babu.

"Cire ɗankwalin."

"Inna..."

"Cire, na ce. Ni na fara ganin kan nan ba gashi, ba yau ba ne farko."

Ta cire. Na zauna na ɗora shi a cinyata. Abin da ya biyo baya ba na littafi ba ne.

Da muka nutsu na ce, me ya sa? Ta ce, "Kin sha wahalar jinyar Baba, ga hawan jininki. Na so ki zauna kusa da ni kawai, ko ba ki sani ba." Sannan ta ce, "Na ga ba kya kallona, na ce za mu iya ɓoyewa."

Wannan maganar za ta daɗe tana cina.

Aku ta faɗa min sunan ciwon da Hausa, wannan karon ba ta haɗiye komai ba. Ba zan rubuta shi ba. Saura zuwa asibiti sau biyar, sannan a ga abin da Allah zai yi.

Na fito falo. Akawu na zaune a tsakiyar fayilolinsa kamar kaza a kan ƙwai. Na ce, "Juya bayanka."

"Na'am, Inna?"

"Juya, ka kalli bango. Surukarka za ta kwance ɗamara."

Ya juya. Na kwance lalitata, na ɗora abin a kan tebur. Ya ɗan lanƙwashe, yana da ɗumi.

Aku ta dafe kai. "Kaka! Kwana bakwai! Har cikin injin wanki Baba ya shiga!"

"Ai ya wanku. Ku da kuka ɓoye min mutum sukutum, don na ɓoye muku ɗan littafi?"

Akawu ya cire tabarau zai goge, sai ya fasa, ya goge idon.

Na ce, "Kuma wane magani kake zuba min a shayi?"

"Magani? Sukari ne da madara, Inna."

"To furen fa?"

Aku ta leƙa ɗakina ta dawo. "Kaka, tafasasshen shayi kika yi ta zuba masa? Ke kika dafa shi!"

Daga cikin ɗaki muka ji dariya. Ƙarama ce, da tari a ƙarshenta, amma dariya ce.

Alhamis, ƙarfe ɗaya na rana

Ofishin biza. Lamba ta fito a allo, muka shiga. Wani saurayi mai jan kunne ya juya fasfon, ya shinshina, ya dube ni. Turaren lalitata ne, ba laifi ba ne. Ya tambayi dalilin ƙarin. Aku ta buɗe baki, na ce tsaya, ni zan faɗa, ke ki juya, kuma carbina na hannuna ina lissafe.

Na ce, "Faɗa masa 'yata ba ta da lafiya, kuma ni ce uwarta."

Ta faɗa. Tsawon maganata da fassararta ya zo daidai.

Na dangwala yatsu goma a kan gilashi. Ya karɓi takardar asibiti, ya ce za su aiko da amsa, kafin nan in zauna. Da ma ba inda za ni. Malam ya yi haƙuri, wurin da na bari kusa da shi ba gudu zai yi ba.

Asabar, ƙarfe tara na safe

Na kwashe tsarabar daga akwati, na tura shi ƙarƙashin gado. Na kori Akawu daga kicin, ya koma kan rasiɗansa.

Na haɗa mata shayi na kai. Ta karɓa ta ce, "Ajiye, Inna, zan sha in ya huce." Idonta na kan tukunyar furen da ke bakin tagarta.

Na jawo kujera na zauna, na zuba mata ido har ta shanye. Wannan dabarar ni na ƙirƙiro ta.